Yadda Ake Tsara Littattafai da Sa Musu Lamba a Ɗakin Karatu na Karkara

Yawancin ɗakunan karatu da ake buɗewa a garuruwanmu na karkarar Kano da Jigawa, ko na makarantar sakandare ne ko na ƙungiyar ci gaban gari, da kwalaye suke farawa. Akwai kwalin da tsofaffin ɗalibai suka aiko daga birni, akwai wanda ya zo daga ma'aikatar ilimi, sannan akwai adaka ko buhun da iyalan wani malami da ya riga mu gidan gaskiya suka kawo domin suna tsoron gara ta cinye. A cikin kaya ɗaya za ka tarar da littafin lissafi na aji uku, da ƙamus wanda bangonsa ya cire, da tsohuwar jarida, da waƙar wa'azi da aka rubuta da ajami tun kafin a haifi kakanka. Kayan nan iri biyu ne kuma dokarsu ba ɗaya ba ce. Littafin kowa da kowa ana jera shi bisa fanninsa, a liƙa masa lamba a jikinsa. Littafi na musamman kuwa ana jera shi bisa gidan da ya fito, kuma lambarsa a jikin mazubinsa take zama. Wanda ya ɗauki maka da salatif ya fara liƙe-liƙe kafin ya raba su, zai yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Mataki na farko: shirya ɗaki da kayan aiki

Ka tanadi babban littafin rajista mai bango mai ƙarfi, da hatimin ɗakin karatu da tawadarsa, da fensir mai laushi, da baƙin biro, da farar takarda mai gam ta yin lamba, da faffaɗan salatif mai haske, da rula, da almakashi, da burushi mai laushi, da farin yadi na auduga wanda aka wanke aka fitar masa da sitaci. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako domin gara ba ta cin ta, amma idan ta katako ce a hannu, kada a jingina ta da bango, a bar tazarar da hannu zai shiga, kuma hawa na ƙasa ya ɗaga daga daɓe da kamar santimita 15 zuwa 20. A garuruwan da ke bakin kogin Haɗejiya, irin su Auyo da Miga da wasu sassan Ringim, inda ruwa ke shiga gidaje idan damina ta yi ƙarfi, wannan tazarar ba ta isa ba. A can hawa na ƙasa gaba ɗaya ya kamata a bar shi fanko, ko a ajiye abin da ba za a yi kukan rashinsa ba.

Mataki na biyu: rarrabewa

Shimfiɗa tabarmi huɗu, ka buɗe kwali ɗaya ɗaya, kana kakkaɓe kowane littafi da burushi a bakin ƙofa. Tabarma ta farko ta littattafan da za a ba da aro ce: na darussa, na labarai, na addini da aka buga da yawa, na sana'a. Ta biyu ta waɗanda ake dubawa a ajiye ce, kamar ƙamus da littafin taswira da kundin tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO na shekarun baya, waɗanda idan mutum ɗaya ya tafi da su gida ya hana aji guda karatu. Ta uku ta na musamman ce. Ta huɗu kuwa, wadda za ka shimfiɗa nesa da sauran, ta marasa lafiya ce, wato duk wanda ka ga fumfuna a jikinsa, ko ƙasar gara, ko ƙananan huda da gari-gari na zuba daga ciki. Waɗannan a sha musu iska a inuwa, a share su, kuma kada su koma cikin 'yan'uwansu sai an yi makonni ana dubawa ba a ga sabon gari ba.

Tambayar da ke kai littafi tabarma ta uku guda ɗaya ce: idan wannan ya ɓace yau, za a same shi a kasuwar Kurmi ko a Sabon Gari a sayo wani? Idan amsar a'a ce, na musamman ne, ko da kuwa ganye huɗu ne kawai. Duk rubutun hannu yana shiga nan, na Larabci da na ajami, haka nan wasiƙun hakimai da dagatai, da rasit ɗin haraji da jangali na zamanin En'e, da tsofaffin hotuna, da rajistar ɗaliban farko na makarantar garin, da takardun ƙungiya. Tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, su ma nan ne wurinsu. Ina kuma ba da shawarar a ware kofe ɗaya na kowane ƙaramin littafin Hausa irin na adabin kasuwar Kano, waɗanda suka yawaita tun daga shekarun 1980, domin da yawansu sau ɗaya aka buga su a takarda mara ƙwari, kuma abin da ake rainawa yau shi ne ake nema ruwa a jallo bayan shekara talatin.

A nan akwai kuskuren da masu son tsari suka fi faɗawa. Idan adakar malam guda ta zo, kada ka watsa abin da ke ciki bisa fanni, ka kai fiƙihu can, nahawu can. Ka bar su tare, a yadda ka same su, har da bugaggun littattafan da ya yi wa rubutu a gefe. Haɗuwarsu wuri ɗaya ita ce ke nuna abin da malamin ya karanta, da wanda ya karantar da shi, da abin da ake koyarwa a zauren garin a zamaninsa, kuma da zarar an raba su wannan labarin ya tafi.

Mataki na uku: rajistar shiga

Kowane littafi da ya shigo yana samun lambar shiga, daga 1 zuwa sama, bisa yadda suka zo hannu, ba tare da duba fanni ba. Lambar nan ba a maimaita ta. Idan littafi mai lamba 214 ya ɓace, 214 ta mutu tare da shi. Kofe goma na littafi ɗaya lamba goma ke nan. Ka ja layuka a rajista domin kwanan wata, lambar shiga, sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a da shekarar bugu, inda aka samo shi, da wurin ƙarin bayani. Idan yana da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wadda tun 2007 ta zama mai alƙaluma 13, ka rubuta ta, domin tana raba bugu da bugu. A littattafan kowa da kowa, ka buga hatimi a bayan shafin suna, ka rubuta lambar shiga a ciki, ka sake bugawa a wani shafi guda da kuka zaɓa a asirce, misali shafi na 21 na kowane littafi, saboda mai niyyar sata shafin farko yake yagewa. Ka lura kada hatimi ya hau kan aya ko sunan Allah. Nemi farin wuri.

Layin "inda aka samo shi" ya fi sauran muhimmanci a wurinmu, musamman ga tabarma ta uku. Dole a rubuta ko abin kyauta ne, ko wakafi, ko amana ce aka ba ku ajiya. Littattafan malami dukiyar gado ce, kuma ɗa guda ba shi da ikon bayar da abin da sauran magada ke da haƙƙi a ciki. Na ga inda aka karɓi adaka daga hannun babban ɗa, aka yi wata biyu ana aiki a kanta, sai ga ƙannensa mata sun aiko cewa ba da yawunsu aka bayar ba, dole aka mayar. Saboda haka a rubuta takardar yarjejeniya gajera, magada ko wakilinsu su sa hannu, mai unguwa ko limami ya shaida, a ajiye kofe a ɗakin karatu, a ba iyalan kofe.

Mataki na huɗu: raba littattafan kowa da kowa bisa fanni

Jami'o'in Najeriya galibi suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka mai haruffa da lambobi, amma ga ɗakin da bai wuce littafi dubu biyu ko uku ba, tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876 ya fi sauƙi, kuma shi ɗalibi zai tarar a yawancin ɗakunan karatu na gwamnati idan ya shiga birni. Tsarin ya raba ilimi gida goma: 000 na bayanai na bai ɗaya da kwamfuta, 100 falsafa da halayyar ɗan Adam, 200 addini, 300 zamantakewa, 400 harsuna, 500 kimiyya, 600 fasaha da sana'o'i, 700 zane da wasanni, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Kowane gida yana sake rabuwa goma. Waɗanda za ka fi amfani da su ba su da yawa: 320 siyasa da mulki, 330 tattalin arziki, 370 ilimi da koyarwa, 420 Turanci, 492.7 Larabci, 493.72 Hausa, 510 lissafi, 530 fizis, 540 kemistiri, 570 ilimin halittu, 610 lafiya, 630 noma, 636 kiwo, 892.7 adabin Larabci, 893.72 adabin Hausa, 966.9 tarihin Najeriya. Ka rubuta su a kwali ka manna a gaban teburinka.

Kada sunan littafi ya yaudare ka. Ka buɗe shafin abin da ke ciki, ka karanta gabatarwa, sannan ka yanke hukunci. Idan littafi ya taɓo fanni biyu, ka kai shi inda ya fi nauyi, idan kuma sun yi daidai, ka kai shi inda mutanen garinku za su fara nemansa. Littafin da ke bayanin cututtukan awaki da tumaki, a 636 makiyayi zai neme shi, ba a 610 ba.

Matsalar Dewey a ƙasar Hausa ita ce gidan addini. Ya ba Kiristanci kusan dukan lambobi daga 220 zuwa 280, ya bar wa Musulunci 297 kaɗai, alhali a ɗakunanmu 297 na iya cin kanta guda cur. Maganinsa shi ne a yi amfani da alƙaluman bayan ɗigo: 297.122 Alƙur'ani da tafsiri, 297.2 tauhidi, 297.3 ibada, 297.4 sufanci, 297.5 ladubba da kyawawan ɗabi'u, 297.63 tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Fiƙihu yana da gida biyu a tsarin, 297.14 da 340.59, ni ina ganin a tara shi duka a 297.14, domin almajiri ba zai je kantar doka neman hukuncin gado ba. Duk shawarar da kuka yanke irin wannan, ku rubuta ta a shafin farko na rajista saboda wanda zai gaje ku kada ya zo da tasa.

Mataki na biyar: haruffan marubuci da liƙa lamba

A ƙarƙashin lambar fanni ana rubuta haruffa uku na farko na sunan marubuci, da manyan baƙaƙe, domin littattafan fanni ɗaya su jeru bisa abacada. Sunayenmu suna buƙatar doka. A ɗauki suna na ƙarshe kamar yadda yake a shafin suna, ko sunan mahaifi ne ko na gari, ta yadda marubucin da sunansa ya ƙare da Gumel zai zama GUM, na Kazaure ya zama KAZ. Alhaji da Malam da Shehu da Dakta da Hajiya ba sa cikin lissafi, haka ma "al" ta farkon sunayen Larabci. Ɓ tana bin B, Ɗ tana bin D, Ƙ tana bin K. Idan babu sunan marubuci, a ɗauki haruffan farko na sunan littafin. Layi na uku na juzu'i ne ko kofe: J.2 ko K.3. Littattafan dubawa a ajiye kuma a sa musu harafin D a saman lambar, da ɗigon jan fenti ko jan salatif, yadda ko yaron da bai iya karatu sosai ba zai san wannan ba ya fita.

Ka yanka takardun lamba girma ɗaya, ka rubuta da baƙin biro ko siririn maka, ka liƙa a gadon bayan littafi, wato gefen ɗinki wanda ke fuskantar mai dubawa. Yanki ɗan kwali mai tsawon santimita 3 ka riƙa aunawa daga ƙasa, domin duk lambobin su tsaya a layi ɗaya. Ido yana saurin gano wanda ya ɓata wuri idan layin ya miƙe. Ka rufe lambar da faffaɗan salatif wanda ya zarce ta ta kowane gefe, saboda zafin bazara da bushewar hunturu suna ɓamɓare gam cikin shekara guda. Sirarran littattafai da ba su da gadon baya, a liƙa musu a bangon gaba, a kusurwar sama kusa da ɗinki, a tara su cikin kwalin da aka yanke gefensa, a rubuta fanninsu a jikin kwalin. Ka kuma rubuta lambar da fensir a ciki, kusa da lambar shiga, don ranar da ta waje ta faɗi.

Mataki na shida: jerawa a kanta

Ana jerawa daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, a gama kanta guda kafin a shiga ta gaba, har littattafan Larabci ma haka. Alƙaluman bayan ɗigo ɗaya bayan ɗaya ake karanta su, saboda haka 297.122 yana zuwa kafin 297.2, ko da yake 122 ta fi 2 yawa a ido. Wannan shi ne wurin da ɗalibai masu taimako suka fi rikicewa, sai an nuna musu sau da yawa. Kada a cika hawa maƙil, a bar kashi ɗaya cikin huɗu saboda sababbi. Idan lissafi ya kai Alƙur'ani hawa na ƙasa, a karya lissafin a ɗaga shi sama, a bar ɗan kati a gurbinsa mai nuna inda yake. A goshin kowace kanta a rubuta fanni da Hausa da Turanci da manyan baƙaƙe, kuma ƙara ajami ba zai yi asara ba, domin akwai dattawa da almajirai da shi ne karatunsu.

Mataki na bakwai: kayan musamman

Nan ne aikin ke buƙatar natsuwa. Wanke hannu ka busar, ka kawar da biro da hatimi da salatif da kofin ruwa daga teburin, fensir kaɗai zai rage. Tawadar gargajiya da aka haɗa da gawayi da ƙaro ɗigon ruwa ɗaya yana narkar da ita, ita kuwa ta gabaruwa da kashin maƙera ba ta wankuwa amma tana cin takarda a hankali har rubutun ya zama huda, don haka ganyen da ya yi duhu a bayan layuka a ɗaga shi da hannu biyu. Salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita, kuma rufe takarda da leda ta hanyar injin zafi, wanda wasu ke ɗauka adanawa ce, kashe ta ne.

Ka ba kowane gida lambar tari: M1 na adakar farko da ta shigo, M2 na ta biyu. A cikin kowane tari ka ba kowane littafi lamba bisa yadda ka tarar da shi, M1/1, M1/2, har ƙarshe. Rubutun hannu na ƙasarmu ba a ɗinke shi, ganye ne warwatse a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, a sa cikin gafaka, saboda haka abu na farko shi ne ƙirga ganyen da sa musu lamba ƙarama da fensir a kusurwar da babu rubutu, ba tare da canza jerinsu ba. Bayan haka ne za ka duba ko jerin daidai yake. Magabata sun bar maka jagora: a ƙasan bayan kowane ganye akwai kalma guda da aka rubuta ita kaɗai, ita ce kalmar farko ta ganyen da ke biye. Idan ba su dace ba, ko ganye ya ɓace ko an juya su, ka rubuta hakan a takardar bayani. Sau da yawa tadarishi ɗaya yana ɗauke da littattafai uku ko huɗu. Sai su zama M1/7a, M1/7b, a bar su a gidansu ɗaya.

Lambar kanta a rubuta ta a ɗan farin kati da fensir, a saka shi cikin tadarishin yadda kansa zai leƙo, a sake rubuta ta a jikin kwali ko ambulan da zai ɗauki littafin. Gafaka da tadarishi ɓangare ne na littafin, ba a yar da su. A ɗaura wa gafakar kati mai lamba ɗaya da zare. A naɗe kowanne da farin yadin nan, a kwantar da su kwance cikin kabad na ƙarfe mai makulli, kada a ɗora fiye da uku ko huɗu a kan juna, kuma kabad ɗin ya yi nesa da taga da bangon da ke jiƙa da damina. Busasshen ganyen darbejiya ko kafur a ƙulle cikin ƙyalle a kusurwar kabad yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma kada ya taɓa takarda, kuma fiya-fiya ba ta da wuri a ɗakin nan ko kaɗan.

Kowane rubutun hannu yana buƙatar takardar bayani: lambarsa, harshensa, fanninsa, sunan mawallafi da na wanda ya kwafa idan an ambata a ƙarshe, layin farko bayan basmala da layin ƙarshe, yawan ganye, tsawo da faɗi da santimita, launin tawada, da halin da yake ciki. Layin farko yana da amfani domin da yawa ba su da suna, da shi masana ke gane su. Ka nemi wani malamin zaure ya zauna da kai, a biya shi haƙƙinsa, domin shi zai gane maka rubutun Kanawa da na Barnawa, ya kuma warware ramzi, wato shekarar da aka ɓoye cikin haruffa a ƙarshen waƙa. Shekarar Hijira a rubuta ta yadda take, a sa ƙiyasin ta Miladiyya a gefe: a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, sai 1300 ta ba da kimanin 1883. Ka ɗaga ganye ɗaya a hasken ƙofa. Idan ka ga jinjirin wata uku a jere cikin takardar, irin wadda aka riƙa yi a Italiya ce, fatake suka riƙa shigo da ita ta Sahara daga Tarabulus, kuma wannan ma a rubuta shi. Idan an gama, a ɗauki hoton kowane shafi da waya ba tare da walƙiyar kyamara ba, a sa wa hotunan lambar littafin, a ajiye a wuri biyu. Idan kun ci karo da abin da ya fi ƙarfinku, Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano suna da masu wannan aiki.

Kayan musamman ba sa fita aro, ko wane ne ya aiko. Mai son dubawa ya rubuta sunansa da lambar abin da ya duba a littafi na daban, ya zauna a gaban mai kula da ɗaki, a ƙirga ganye kafin a ba shi da bayan ya dawo da shi.

Mataki na ƙarshe: kati da bin kanta

Ka yi wa kowane littafi kati biyu, ɗaya a jera bisa sunan marubuci, ɗaya bisa fanni, kowanne ɗauke da lambar da ke gadon bayan littafin. Na musamman su ma su samu kati a cikin akwatin katunan, da jan harafin M, domin mai bincike ya san akwai su ko da bai gan su a kanta ba. Idan akwai kwamfuta a shigar da su, amma kada a yar da katin, saboda wuta ba ta da tabbas. Masu karatu kada su mayar da littafi kanta da kansu, su ajiye a tebur. Kowace Alhamis a ɗauki kanta guda a bi lambobinta ɗaya bayan ɗaya, a mayar da wanda ya ɓata wuri, a sake liƙa wadda ta ɓamɓare. Sau ɗaya a shekara kuma, cikin watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, a rufe ɗakin kwana biyu, mutum ɗaya yana karanta lambar shiga daga rajista, ɗaya yana nemowa a kanta, a janye kowace kanta a duba bayanta ko gara ta fara gini, sannan a hau a duba kwanon rufi daidai saman kabad ɗin ƙarfe.